Sharhi: Gem a hannun yaranmu, ina wasa ya ƙare, ina caca ta soma?



Shekaru goma da suka wuce, in aka ce wasan gem, abin da ke zuwa a ran mutum shi ne ɗan shago mai talabijin biyu ko uku a cikin birnin Maradi, yara sun yi cincirindo suna jiran layi, kowa da dala goma ko dala ashirin a hannu. Irin waɗannan shaguna suna nan har gobe a unguwanni kamar Zariya da Ali Ɗan Sofo da Sabon Gari, kuma sun iso Tsibiri da Jiratawa da manyan ƙauyukan da ke da wuta ko faifan sola. Abin da ya canza shi ne, yanzu gem ya bar shago ya shiga aljihu. Salular da aka saya don a riƙa gaisawa da ɗan'uwan da ke Libiya, ita ce da dare take komawa filin yaƙi ko filin ƙwallo a hannun ɗan shekara goma sha biyu.

Iyaye da yawa sun damu, kuma ruwa ba ya tsami banza. Sai dai mafi yawan ƙorafin da ake ji a majalisa da bakin masallaci, a kan bindigar da ke cikin wasan yake tsayawa. Bindigar abin dubawa ce, za mu zo kanta. Amma duk wanda ya zauna ya lura da yadda aka gina waɗannan wasanni zai ga cewa babbar matsalar tana wajen kuɗi. An tsara da yawa daga cikinsu ne yadda yaro zai saba da zuba kuɗi a kan sa'a, tun bai san sunan abin da yake yi ba.

Wasan kyauta da ke kawo miliyoyi

Mu ɗauki Free Fire, wanda kamfanin Garena na ƙasar Singafo ya fitar a 2017. Ana jefa mutum 50 a wani tsibiri, kowa ya nemi makami, wanda ya rage a raye shi ya ci, duka cikin minti goma ko makamancin haka. An yi shi da gangan yadda zai yi aiki a ƙaramar waya mai araha, shi ya sa ya mamaye ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A 2019 shi ne wasan salular da aka fi saukewa a duniya. Ɗan'uwansa PUBG Mobile ya fito a 2018, shi kuma mutum 100 yake tarawa. Sai wasannin ƙwallo, wanda aka sani da FIFA, da ya koma EA Sports FC a 2023, da kuma PES da ya koma eFootball.

Free Fire da PUBG Mobile kyauta ake sauke su. To ina kamfanin ke samun riba? A cikin wasan akwai kasuwa. Ana sayar da riga, da hula, da fentin bindiga, da salon rawa, duka na hoto ne, ba wanda za ka iya taɓawa da hannu. Ba a biya da sefa kai tsaye. Sai ka fara sayen kuɗin wasan, lu'ulu'u a Free Fire, UC a PUBG, sannan ka kashe su. Wannan canjin dabara ce. Yaron da zai yi jinkiri kafin ya fitar da jikka biyu daga aljihu, ba ya jin komai in ya ga lambar lu'ulu'u tana raguwa a fuskar waya. Masu sayar da kuɗin wasan kuwa suna cike a zaurukan WhatsApp da Facebook, ka tura masu ta asusun waya, su loda maka.

Idan da a nan aka tsaya, da sai a ce ɓarnar kuɗi ce kawai, irin ta mai sayen abin da bai da buƙata. Amma kayan da yara suka fi so, sau da yawa ba a sayar da su kai tsaye. Ana saka su ne a cikin akwati rufaffe ko wata ƙafa mai juyawa. Ka biya, a juya, abin da ya fito naka ne. Yawanci tarkace ne ke fitowa. Wani lokaci ƙafar ta tsaya daf da abin da kake so, har da kiɗa da walƙiya, zuciya ta ce maka saura kaɗan, ƙara ɗaya. A wasan ƙwallo ma haka ne, ana sayen fakitin ƴan wasa ba a san wa ke ciki ba, da fatan a dace da wani shahararre. Kamfanin EA da kansa ya bayyana cewa wannan ɓangare na wasanninsa ya kawo masa dalar Amurka biliyan 1.62 a shekarar kuɗi ta 2021, kusan miliyar 900 na sefa ke nan.

Mu a Hausa muna da sunan wannan ciniki tun kafin a san salula: cinikin biri a sama. Wanda ya yi karatun zaure kuma ya san cewa a littafin Risala, da malamanmu ke karantarwa a Tsibiri da Maradi, an hana cinikin garari, har aka kawo misalin sayar da kifin da ke cikin kogi ba a kama shi ba. Hukunci dai na malamai ne. Namu shi ne mu kai masu bayanin abin yadda yake, don wanda aka ce wa "wasan yara ne a waya" ba zai ba da amsa ɗaya da wanda aka nuna wa akwatin da ƙafar ba.

Abin da wasu ƙasashe suka gani

A watan Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta binciki irin waɗannan akwatuna a wasu wasanni, ciki har da FIFA 18, ta ce caca ce a ƙarƙashin dokarta. Farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin wasan a ƙasar. Ingila ta duba batun ita ma, amma a 2022 ta ƙi saka shi cikin dokar caca, ta bar wa kamfanonin su gyara da kansu. Hujjar kamfanonin ita ce, akwatin ba ya fitowa wayam, ko yaya akwai abin da za ka samu, kuma ba a mayar da shi kuɗi. Wannan hujja tana da rauni, domin matasa suna sayar wa juna asusun wasan gaba ɗaya, kuma tsadarsa tana bin kayan da aka dace da su a ciki.

A Amurka, a watan Disamban 2022, hukumar kare masu sayen kaya ta sa kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 520. Daga ciki miliyan 275 tara ce saboda tattara bayanan ƙananan yara ba da izinin iyaye ba, miliyan 245 kuma don a mayar wa mutanen da tsarin madannan wasan ya sa suka sayi abin da ba su yi niyya ba. Ku lura da wannan. Iyaye ne masu boko, masu banki da lauya, amma aka zare masu kuɗi ta hannun ɗiyansu. Ina ga tsohuwar da ke wani ƙauye bayan Tsibiri, wadda jikanta ne ke karanta mata saƙon kuɗi in ya shigo, kuma shi ne ya san lambar sirrin?

Daga akwati zuwa jirgi

Yaron da ya saba da juya ƙafa yana ɗan shekara goma sha biyu, a shekara goma sha bakwai akwai mai jiransa. Kamfanonin caca na intanet sun daɗe da gane cewa matasa sun fi sakin jiki da abin da ya yi kama da gem. Shi ya sa suka cika shafukansu da ƙwallon kwamfuta da ake bugawa a gama cikin ƴan mintoci, da kuma wasan jirgin nan, Aviator, wanda ya fito a 2019 ya bazu a Afirka kamar wutar daji.

Ga yadda yake. Ka zuba kuɗi, wani ɗan jan jirgi ya tashi, lamba tana hawa, ninki ɗaya da rabi, ninki biyu, ninki biyar. In ka danna ka fita kafin jirgin ya ɓace, ka ci. In ya riga ka, kuɗinka sun tafi. Zagaye ɗaya ƴan daƙiƙoƙi ne. Masu wasan da kansu sun rubuta cewa a duk 100 da aka zuba, 97 ne ke komawa ga taron masu zubawa. Wato 3 ɗin nan na gidan ne kullum, ko wa ya ci, ko wa ya faɗi. Da yake ana sake zubawa sau ɗaruruwa a zama ɗaya, ukun nan ne ke cinye jarin mutum a hankali. Kan wannan kuma sai ƴan damfara suka hau, suna talla a TikTok da Telegram cewa suna da manhajar da ke faɗin lokacin da jirgin zai ɓace. Wanda ya san wannan sirri da gaske ai ba zai tsaya sayar da shi jikka biyar ba.

Maƙwabtanmu na Kano sun ɗauki hanyar ƙarfi. A watan Oktoban 2024 hukumar Hisba ta rufe shagunan caca da dama a birnin, sannan a watan Nuwamba kotun ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce jihohi ne ke da hurumin tsara wannan harka. Amma shago ne kawai ake iya garƙame wa kwaɗo. Cacar da ke cikin salula tana bin mai ita har kan tabarma. A wajenmu kuma akwai wani ƙarin nauyi, tunda gwamnati tana da nata kamfanin cacar, LONANI. Hukumar da ke samun kuɗin shiga daga wannan hanya ita ce ya fi kamata ta tsaya tsayin daka wajen ganin yaro bai kusanci wurin ba.

Maganar bindiga

Mu dawo kan abin da ya fi tayar wa iyaye hankali. A jihar Maradi bindiga ba hoto ba ce. Mutanen yankin Gidan Runji da Madarunfa sun san satar shanu da garkuwa da mutane. Tun 2019 dubban ƴan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako neman mafaka, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Don haka uban da ya ji ƙarar harbi daga wayar ɗansa, ya ji yaron yana murnar ya kashe mutum goma, in ransa ya ɓaci, ba wanda zai ga laifinsa.

Sai dai a faɗi gaskiya yadda take. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta ce ba a da isasshiyar hujjar da ke nuna wasannin faɗa su ne ke sa mutum ya aikata ta'asa, ko da yake ta ce ana ganin ɗan ƙarin zafin rai da tsiwa ga masu yin su. Ɓarayin dajin da suka addabe mu ba a gidan gem suka koyi aikinsu ba. Talauci da zalunci da yawon makamai da rikicin ƙasar noma da kiwo sun riga salula zuwa. Idan muka ɗora wa wasa laifin rashin tsaro, mun sauƙaƙa wa masu laifin na gaske.

Abin da ya rage shi ne tambayar shekaru. A Turai ana buga wa kowane wasa lamba, 3, 7, 12, 16 ko 18, don iyaye su san wanda ya dace da yaro. Wasan GTA, wanda yara ke rububinsa a shaguna, lambarsa 18 ce, saboda akwai sata da kisa da gidajen banza a ciki. A nan kuwa ɗan shekara takwas yana biyan dala ashirin ya zauna a gabansa. Sannan wasannin salula suna buɗe wa yaro makirfo da mutanen da bai sani ba daga ko'ina a duniya, manya da yara a haɗe, da ashar da komai. Uwa tana ganin ɗanta a ɗaki tana cewa alhamdu lillahi ba ya yawo, alhali yana hira da baƙon da ba za ta bari ya shigo zaure ba.

Akwai kuma mutuncin addini. A 2020 PUBG Mobile ya saka wani salo da ɗan wasa ke rusuna wa gunki don ya samu ƙarin ƙarfi. Musulmi suka yi ca, kamfanin ya cire, ya ba da haƙuri. A 2021 masu Call of Duty su ma sun nemi afuwa bayan an ga shafukan Alƙur'ani a warwatse a ƙasa cikin wani sashe na wasan. Darasin shi ne, kamfanonin nan suna jin magana in masu maganar suna da yawa kuma kasuwarsu tana da tsoka.

Hani kawai zai wadatar?

Ƙasashe da dama sun gwada. Iraƙi da Jodan sun hana PUBG a 2019, a shekarar ce kuma majalisar malaman lardin Aceh na Indunusiya ta ba da fatawar haramta shi. Indiya ta toshe PUBG Mobile a 2020, ta toshe Free Fire a 2022, amma PUBG ya dawo mata da sabon suna. Ƙasar Sin ta bi ta kan lokaci: tun 2021 wanda bai kai shekara 18 ba awa ɗaya aka yarda masa a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi. Ta iya yin haka ne don kowane ɗan wasa sai ya yi rajista da katin shaidarsa. A wurin da waya ɗaya ke yawo a hannun mutum biyar, wannan tsari ba zai zauna ba.

Kuma bai kamata a yi wa wasa kuɗin goro ba. Bahaushe bai taɓa rayuwa ba wasa. Dattawa suna dara a gindin icce, yara suna langa, jihar nan kuma ita ta ba Nijar Kantu, sarkin kokowa na farko a 1975. Gem ma akwai mai kaifafa tunani, akwai wanda yaro ke tsintar Faransanci da Ingilishi a ciki. Mai shagon gem sau da yawa matashi ne da ya ƙi zaman banza, ya haɗa ɗan jarinsa yana cin abinci. Har ma wani matashi ɗan Nijar, Mahaman Sani Housseyni Issa, ya ƙirƙiro wasa mai suna Les Héros du Sahel, da jarumi ɗan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, wadda ta saka jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, ita da kanta ta ce kaɗan ne daga masu wasan ke kai wa wannan matsayi. Alamomin da ta bayar su ne: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin cutarwar, kuma abin ya ɗauki kamar shekara guda. Yaron da ya buga ƙwallo awa ɗaya bayan ya dawo daga lakwal ba mara lafiya ba ne. Wanda ya daina barci, ya daina zuwa gona da makarantar allo, kuɗin cefane suka fara ɓacewa, shi ne abin dubawa.

Nauyin da ke kan kowa

Masu shagunan gem, ku ne na farko, don ku ke ganin yaran ido da ido. Ɗan makaranta a lokacin karatu, a mayar da shi. Wasan da aka rubuta wa 18, kada a kunna wa ƙaramin yaro. Kuma a hana zubin da ƴan wasa ke yi tsakaninsu, wanda ya ci ya kwashe, domin daga nan ake koyo. Masu unguwanni da magajin gari za su iya tara ku a yi yarjejeniya a kan wannan ba sai an jira doka daga Yamai ba. Hukumomin ƙasa kuwa, irin su ARCEP mai kula da kamfanonin waya, su ne ke da ikon bin hanyar da kuɗin caca ke bi, da tallan da ake cusa wa matasa.

Iyaye, an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a harkar salula yaran sun riga mu hawa rimin. Ba kunya ba ce ka ce wa ɗanka, zo nuna mani wasan nan, ina ake sayen kaya, da wa kake magana. In ka ga ƙafa mai juyawa ko akwati ko jan jirgi, ka san inda aka dosa. Lambar sirrin asusun kuɗi ta zauna a wajen babba, waya kuma ta kwana a ɗakin iyaye. Duka da ƙwace waya ba su cika yin magani ba, sai dai su koya wa yaro ɓoyewa.

Ku kuma ƴan'uwa da ke biɗa a Aljeriya da Libiya da Legas da Abijan da Saudiyya da wuraren haƙar zinariya, da yawa daga wayoyin nan ku kuka aiko su, da kyakkyawar niyya. Kun san zufar da kuka yi kafin ku tara abin da kuke turowa ta Nita ko Amana ko Al Izza. Ku tambaya a hannun wa wayar take kwana, kuma wa ke karɓo kuɗin. In ƙane ya dame ku da a turo masa na mega sau uku a sati, ku tambaye shi me yake yi da su. Jikka biyun da ta tafi a kan rigar hoto ko jirgin da ya ɓace, tiyoyin hatsi ne da ba su shiga gida ba, a lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Malamanmu na Tsibiri da Maradi da Jiratawa, muna roƙon ku sa wannan batu cikin wa'azi da bayani dalla-dalla, a rarrabe wa matasa wasan da ba kuɗi a ciki da wanda aka lulluɓe caca da shi. Yawancin yaran nan sun san caca haramun ce, sun ji ayoyin Baƙara da Ma'ida. Abin da ba a gaya masu ba shi ne cewa ƙafar da suke juyawa ƴar'uwarta ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman na masu shagunan gem da na matasan da ke wasan, don da su za a yi gyaran. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.